Idan barade suka zagayo gefenka a gem, kada ka juya duka sahu

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, maganar gem ce, musamman ga masu buga Rome: Total War da Medieval II. Wasannin nan tun 2004 da 2006 suke a kwamfuta kafin kamfanin Feral Interactive ya sauko da su kan Android da iPhone, kuma kuskuren da ke cin mutane a kwamfuta shi ne ke cin su a waya. A waya ma abin ya fi muni, tunda allon ƙarami ne, kuma da yatsa kake komai.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka jera dakarunka sahu ɗaya mai kyau, abokan gaba suna tahowa ta gabanka, sai ka hango barade sun ware sun yi kwana, suna neman gefenka na dama. Nan take gabanka ya faɗi, ka zaɓe duka rundunar, ka ja su su fuskanci dawakin. Ni ma na sha yin haka. Akwai daren da na rasa cikakkiyar runduna mai rukuni 20, wadda na daɗe ina tara mata kuɗi, a hannun sojojin da ba su kai nawa ƙarfi ba. Garuruwa biyu suka bi ta.

A ganina wannan juyin shi ne ke kashe mutum, ba dawakin ba. Rukunin da ke tafiya ba shi da tsayayyen sahu, duk abin da ya buge shi a lokacin zai shige cikinsa. Sannan da ka juya duka, ai ka miƙa wa dakarunsu na gaba kafaɗarka ke nan, ka gudu daga barade rukuni biyu ka buɗe wa rukuni goma ƙofa. Kuma a wasannin nan ba sai an kashe sojanka duka ake cin ka ba. Rukunin da aka buga ta gefe ko ta baya zuciyarsa ce ke karyewa, ya ruga, na kusa da shi ya ga haka shi ma ya bi, kafin ka ankara sahun ya watse.

Abin da ya kamata ka yi ƙarami ne. Danna maɓallin dakatarwa tukuna, babu kunya a ciki, don haka aka sa shi. Ɗauki rukuni ɗaya ko biyu na ƙarshen sahun, ka lanƙwasa su baya kamar gwiwar hannu, fuskarsu na kallon inda dawakin za su fito. Sauran su tsaya inda suke, kada ka taɓa su. Abin lura shi ne kusurwar: kafaɗar wanda ya lanƙwasa ta haɗu da ta wanda ke gaba, don in ka bar rata a wurin, ta nan za a shigo maka. Kuma ka yi da wuri, tun suna nesa. In sun riga sun sako gudu, gara ka bar rukunin a tsaye ya karɓi bugun da a same shi yana tsakiyar juyawa.

Amma gaskiya wanda ya fi wannan shi ne ka tanadi masu mashi a bayan gefen tun lokacin jera sojoji, kafin ka danna fara yaƙi. Wannan dabara ba masu gem suka ƙirƙiro ta ba. A shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Farsalus da ke ƙasar Girka, Yuliyus Kaisar ya gamu da Fomfe. Hagun Kaisar na jingine da kogi, damansa kuwa a buɗe. Fomfe ya tara kusan duka baradensa, wajen 7,000, a wannan ɓangaren, Kaisar kuwa nasa ba su wuce 1,000 ba. Sai ya zare rukuni 6 na dakaru daga sahunsa na uku, ya ɓoye su a karkace bayan dawakinsa. Baraden Fomfe suka kori na Kaisar, suna ganin hanya ta buɗe, sai suka yi kiciɓis da waɗannan dakaru, waɗanda ba su jefa masunsu ba, suka riƙe suna sukar fuskokin mahaya. Barade suka watse. Dakarun nan ba su tsaya nan ba, suka zarce suka faɗa wa Fomfe ta gefensa na hagu, yaƙi ya ƙare.

Wannan zarcewar ce nake so ku riƙe. Rukunin da ka ajiye yana tsare gefe, da zarar ya kori dawaki, shi ne mafi kusa da gefen abokin gaba, kuma bai gaji ba. A Rome, Triarii sun dace da aikin nan. A Medieval II ko masu mashi na gari masu arha sun isa, in dai a tsaye dawakin suka same su.

Na san wani zai ce, to me ya hana in tura nawa baraden su tare su? In naka sun fi yawa, bismillah. Amma sau da yawa za ka ga sun ci nasara sun kuma bi masu gudu har ƙarshen fili, ko an cinye su, ta kowace hanya dai gefen ya koma tsirara. Ni na fi son in ajiye su bayan masu mashin, in bari dawakin abokin gaba su maƙale a kan mashi, sannan in sake su ta baya.

Wasu ƙananan abubuwa da mutane ba sa lura da su. Garkuwa a hannun hagu take, kuma wasan yana lissafa wannan, don haka bugun da ya zo ta dama ya fi ciwo. In rukuni ɗaya kawai kake da shi na ajiya, kuma fili bai nuna maka wani abu daban ba, dama za ka sa shi. Ka kunna masa maɓallin gadi, kada ya bar wurinsa ya bi masu gudu. Falanks na Girkawa kuwa, masu dogayen masu ɗin nan, kada ka kuskura ka sa su a ƙarshen sahu su kaɗai. Ta gaba bango ne, amma juyawarsu kamar ta tirela ce a lungu. Sai an haɗa musu rukuni mai sauƙin motsi a kowane gefe.

Inda dabarar ba ta aiki shi ne da maharba a kan doki, irin na Fartiya a Rome ko Mongol a Medieval II. Su ba za su zo kan mashinka ba, zagaye za su yi ta yi suna harbi. Nan sai 'yan baka ko masu majajjawa a cikin lanƙwasar, masu mashin suna tsare su.

Masu zuwa su maƙale a kusurwar taswira don jan layin iyaka ya tsare musu gefe biyu, eh, yana aiki da kwamfuta, ba na musu. Ni dai ban ɗauke shi yaƙi ba, kuma ranar da kai ne mai kai hari babu kusurwar da za ka jingina da ita. Kogi ko dutse ko bangon gari, wannan daban, fili ne ya ba ka.

Wanda ke son gwadawa ba tare da ya sa kamfen ɗinsa a haɗari ba, ya shiga wurin haɗa yaƙi na kansa. Ka ɗauki dakaru 6 da masu mashi 2, ba doki ko ɗaya, ka ba kwamfuta dakaru 6 da barade 4 a fili mai shimfiɗe. Buga sau ɗaya da duka takwas ɗin a sahu guda, sannan ka sake bugawa da masu mashin a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, a karkace.