Sharhi: Yaji, Turare da Ƙwaƙwalwar da Ba Ta Daina Koyo



Duk wanda ya taɓa cin tsire da yaji mai yawa ya san yadda baki ke ɗaukar zafi kamar an ɗora masa garwashi, alhali naman ya huce. A 1997 David Julius, masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, ya gano dalili. Da sinadarin da ke sa barkono yaji ya bi sawu har ya samo wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin ji, mai suna TRPV1. Ƙofar tana buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43, barkono ma yana buɗe ta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce. A 2010 kuma Ardem Patapoutian, haifaffen Labanon, ya gano wasu ƙofofin masu suna Piezo, waɗanda ke jin taɓi da matsi. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2021.

To, bayan ji sai sabo. Ka shiga ɗakin amarya, ƙamshin turaren wuta ya tarbe ka. Jim kaɗan ka daina jin sa, kasko kuwa yana ta hayaƙi. Ƙwayoyin jijiya ne suka rage amsawa ga abin da bai sauya ba, domin hankali ya koma kan sabon abu.

Ƙwaƙwalwarmu na da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86, kuma mahaɗarsu kamar turba ce a daji: wadda ake bi kullum tana faɗi, wadda aka ƙaurace wa sai ciyawa ta cinye ta. A 2000 Eleanor Maguire ta duba direbobin tasi na Landan, ta tarar wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Manya ne, aikin yau da kullum ya sassaƙa su.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga idon jariri haka abin yake: wanda aka haifa da yanar ido, idan aka yi jinkirin cire ta, ƙwaƙwalwarsa ba za ta koyi gani sosai ba. Amma babba ma bai bushe ba. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙwayoyin da suka tsira na iya ɗaukar wani ɓangare na aikin waɗanda suka mutu, musamman a watannin farko, muddin ana motsa gaɓoɓin.

Saboda haka idan mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, kada mu kwantar da shi a ɗaki mu ce ta ƙare. A garzaya da shi asibiti, a dage da gashin ƙashi, a bar shi ya riƙe cokalinsa ko da hannu na rawa. Kowace loma turba ce yake sharewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.