RA'AYINMU: Kada a Sayar da Riɗi a Miƙa wa Ɗan Damfara

'Yan'uwa, tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai bashin karatu a watan Afrilu na 2024, aka kuma buɗe karɓar takardun neman bashin a watan Mayu na 2024 a ƙarƙashin hukumar NELFUND, iyaye da yawa a ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar sun sami sauƙi a zuciya. Amma duk inda aka ji ƙamshin kuɗi, 'yan 419 ba sa nisa. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi bayani dalla-dalla.

Abu na farko, neman wannan bashi kyauta ne. Ba a sayen fom, ba a biyan kuɗin rajista, kuma hukumar ba ta naɗa dillali a kowane gari ba. Ɗalibin da ya sami gurbi a makarantar gwamnati ta gaba da sakandare, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, shi da kansa zai cike takardar ta intanet, da lambarsa ta JAMB, da NIN, da BVN. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biyan makarantar. Kuɗin abinci da sauran buƙatu kuwa, wanda aka sa naira 20,000 a wata a 2024, asusun ɗalibin yake shiga. To, ina wurin da ɗan tsakiya zai tsaya? Duk wanda ya ce a ba shi wani abu don ya "shigar da suna", ɓarawo ne, ko da ya zo da babbar riga.

Abu na biyu, lambar sirri ta katin banki da lambar nan da banki ke aikowa a waya, ba a faɗa wa kowa su. Ba ma'aikacin gwamnati ko na banki da zai buga waya ya nema. Haka nan saƙonnin WhatsApp da Facebook masu cewa a yi maza kafin a rufe gobe, gaggawar ita ce tarkon. Adireshin hukumar na gaskiya yana ƙarewa ne da gov.ng.

Abu na uku, bashi ne, ba kyauta ba. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wanda ya ce zai goge maka sunan ɗanka daga littafin bashi in ka biya shi, ƙarya yake yi. Wanda kuma ya miƙa wa baƙo lambobinsa, ya ba shi damar yin ɓarna da sunansa.

Mun san wahalar da manomi ke sha kafin ya tara buhun riɗi ko soɓorodo, ko ya kai akuya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Bai kamata gumin shekara ya tafi a kira ɗaya na waya ba.

Muna kira ga iyaye, kafin su fitar da ko kwabo, su aiki ɗalibin ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsa ya tambaya. Dattawan ikilisiya da malaman makaranta su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki. Ya garzaya banki a tsare asusunsa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, domin shirunsa ne zai ba ɓarawon damar shiga gidan maƙwabci.