Ƙananan Jiragen Sama Masu Gudu: Amurka Ta Kwance Takunkumi, Saura Lissafi Na Matuƙa

Ran 22 ga watan Yuli na shekarar 2025, a wajen babban taron ma'abota jiragen sama da ake yi kowace shekara a garin Oshkosh na Jihar Wiskonsin, Sakataren Sufuri na Amurka, Mista Sean Duffy, ya ba da sanarwar wata sabuwar doka da ake kira MOSAIC. Dokar ta shafi ƙananan jiragen saman nan marasa nauyi waɗanda mutane kan saya don shaƙatawa da tafiye-tafiyen kansu. Kashin farko nata, wanda ya shafi matuƙa, ya fara aiki ran 22 ga Oktoba na wannan shekara, kashi na biyu kuwa, wanda ya shafi masu ƙera jiragen, aka ajiye masa ran 24 ga Yuli, 2026.

Kafin a gane girman wannan canji sai an koma shekarar 2004, lokacin da hukumar kula da harkar jiragen sama ta Amurka, watau FAA, ta ƙirƙiro wannan aji na jirage. A wancan lokaci an gindaya musu sharuɗɗa masu tsanani. Nauyin jirgi da mai da mutane da kaya duka kada ya wuce kilo 600, kujeru kada su wuce biyu, gudu kuma kada ya haura kilomita 222 cikin awa guda. Tayoyi su tsaya a waje, ba a naɗe su cikin jirgi. Mutum kuwa yana iya samun lasin tuƙa irin wannan jirgi bayan horon awa 20 a sama, maimakon awa 40 da ake nema ga lasin matuƙi mai zaman kansa, kuma lasin motarsa ya isar masa shaidar lafiya, ba sai ya je wurin likitan hukuma ba.

Sabuwar dokar ta soke maganar nauyi ɗungurungum. Ta ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 463 cikin awa, ta yarda da kujeru huɗu, da tayoyi masu naɗewa, da farfela wadda ake iya juya kaifinta ana cikin tafiya. Abin da ta riƙe ya zama ma'auni shi ne mafi ƙarancin gudun da fiffike zai iya ɗaukar jirgi kafin ya saki. Sai dai mai ƙaramin lasin har yanzu fasinja ɗaya kaɗai aka yarda ya ɗauka, ko da jirgin na da kujeru huɗu.

Ba a Amurka aka fara wannan tsere ba. Ƙasashen Turai ba su taɓa sa wa irin waɗannan jirage iyakar gudu ba, nauyi suka ƙayyade, tun yana kilo 472.5 har wasu ƙasashe irin su Jamus suka ɗaga shi zuwa 600 bayan dokar Tarayyar Turai ta 2018. Saboda haka maƙera a can suka duƙufa wajen fitar da gudu daga ƙaramin inji. Daga nan aka sami jirage irin su Shark na ƙasar Silobakiya, da VL-3 da ake ƙerawa a Jamhuriyar Cek, da Blackshape Prime da Risen na Italiya. Dukkansu da zaren kabon aka yi jikinsu, sumul kamar ƙwai, masu siririn ƙugu, tayoyinsu na shigewa ciki da zarar an tashi. Yawancinsu injin Rotax na ƙasar Ostiriya suke amfani da shi. Shark, alal misali, da inji mai ƙarfin doki 100 kacal yake kusantar kilomita 300 cikin awa, yana kuma shan man mota mai kyau ƙasa da lita 20 a awa idan ana tafiya ta ƙa'ida. Cessna 172, wanda makarantun tuƙi suka fi sani a duniya, ƙarfin doki 160 zuwa 180 gare shi, amma bai kai wannan gudu ba.

To, mene ne amfanin gudun? Lissafin ba shi da wuya. Tafiyar kilomita 500 a gudun 200 awa biyu da rabi ce, a gudun 270 kuwa awa ɗaya da minti 51. An rage minti 39 ke nan, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne ga mutumin da sai ya yi tafiyar mota zuwa fili, ya fito da jirgi daga rumfa, ya duba shi, ya sha mai. Inda gudun ya fi nuna kansa shi ne ranar da iska ta tare gaba. Idan iskar kilomita 40 ta fuskanci jiragen biyu, mai sannu zai shafe fiye da awa uku, mai saurin kuwa awa biyu da minti goma. A kan teku ko daji inda babu wurin sauka, wannan awa guda ita ce ratar da ke tsakanin isa da sauran mai a tanki da kuma isa da zuciya a hannu.

Amma abin da ya fi damun masu lura da al'amarin yana can ɗaya gefen, watau wajen sauka. Tsohuwar doka ta ce jirgin da mai ƙaramin lasin zai tuƙa dole fiffikensa ya iya riƙe shi har gudu ya sauko kilomita 83 cikin awa. Sabuwar ta kai wannan adadi 109. A ido bambancin kilomita 26 ne kawai, amma ƙarfin karo ba haka yake ƙaruwa ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa. Don haka jirgin da ya taɓa ƙasa a gudun 109 yana ɗauke da ƙarfin da ya fi na mai gudun 83 da kimanin kashi 72 cikin ɗari, tun ma ba a sa ƙarin nauyinsa cikin lissafi ba. Ranar da inji ya mutu aka nemi gona ko hanyar mota a sauka, wannan ƙarfi a jikin jirgi da jikin mutanen ciki zai ƙare.

Hukumar FAA ba ta jahilci wannan ba. Hujjarta ita ce iyakar kilo 600 ta jawo nata haɗarin. Maƙera sun riƙa rage ƙarfen tayoyi da kaurin jiki don su shiga cikin ma'auni, jirgi mara nauyi mai faɗin fiffike kuwa iska na wasa da shi lokacin sauka kamar ganye, abin da ya sa ɓarnar tayoyi da fita daga titi ta yawaita a makarantu. Har ila yau hukumar ta ce cikin shekaru kusan ashirin da aka yi, yawan mummunan haɗari a wannan aji ya faɗo ne tsakanin na jiragen da mutane kan harhaɗa da kansu a gida da na jiragen da suka bi cikakken binciken gwamnati. Fatanta shi ne sassaucin ya janyo mutane daga na gida zuwa na masana'anta. Hujja ce mai ma'ana, amma ta dogara ne bisa tarihin jirage masu tafiya a hankali, alhali waɗanda aka buɗe wa ƙofa yanzu wasu iri ne dabam.

Jirgi mai santsin jiki ba ya son rage gudu. Matuƙin da ya saba da jirgin makaranta, wanda da an sassauta mai yake lafawa, zai tarar wannan yana ci gaba da sheƙawa, kuma da ya ɗan sunkuyar da hancinsa ƙasa sai allura ta doshi jan layi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bayan jan layin nan akwai abin da injiniyoyi suka fi tsoro, watau karkarwar fiffike, inda fiffike ko wutsiya kan kama rawa har ya karye kafin matuƙi ya ankara. Al'amarin ya ƙara rikicewa da shigowar injuna masu tabo, irin su Rotax 915 mai ƙarfin doki 141 da 916 mai 160, waɗanda ba sa rasa ƙarfi idan an yi sama. A can sama iska ba ta da kauri, saboda haka allurar gudu kan nuna ƙasa da ainihin gudun jirgi, ita kuwa karkarwa ainihin gudun take bi. Mutum na iya ganin allurarsa lafiya lau alhali ya riga ya ƙetare iyaka.

An taɓa ganin irin wannan. Cikin watan Afrilu na 2009 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta roƙi FAA ta dakatar da jirgin Zodiac CH 601 XL bayan haɗurra shida da jirgin ya wargaje a sama, mutum goma suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar FAA ta gargaɗi masu jirgin kada su tashi sai an ƙarfafa fiffikensa, aka kuma yi gyaran. Darasin da ke ciki ya shafi tsarin gaba ɗaya, domin a wannan aji ba gwamnati ke gwada jirgi ba. Maƙeri ne ke rattaba hannu cewa ya bi ƙa'idojin da masana'antar ta amince da su. Wannan shi ya sa ake samun sabon jirgi da wuri, shi ne kuma ya sa kuskuren zane kan iya kaiwa kasuwa.

Babbar kariyar da waɗannan jirage suke taƙama da ita ita ce laima wadda roka ke harbawa ta sauko da jirgin ɗungum da mutanensa. Kamfanin BRS na Jihar Minesota, wanda Boris Popov ya kafa a 1980, shi ya yaɗa wannan dabara, a Jamus kuwa doka ce a sa ta a kowane jirgi na wannan aji. Ta ceci rayuka da yawa. Sai dai tana da gudun da idan an wuce shi za ta iya yagewa, kuma tana bukatar tazara daga ƙasa kafin ta buɗe. Yawancin haɗurran da ke kashe matuƙan ƙananan jirage kuwa kusa da ƙasa suke aukuwa, lokacin tashi ko lokacin kwanar ƙarshe kafin sauka, inda laima ba ta da lokacin yin aikinta.

Maganar amfanin yau da kullum kuwa, babu misalin da ya kai na Zara Rutherford, 'yar shekara 19, wadda ta tashi daga Kortrijk ta ƙasar Beljiyam ran 18 ga Agusta, 2021, ita kaɗai cikin jirgin Shark, ta zagaya duniya ta dawo ran 20 ga Janairu, 2022. An cire kujerar baya aka sa mata ƙarin tankin mai. Tafiyar da aka shirya wa wata uku ta ci kwana 155. Ta yi kusan wata guda a garin Nome na Alaska tana jiran biza da yanayi, ta kuma yi makonni a ƙauyen Ayan na gabashin Rasha. Jirgin bai gaza ba, kuma ƙanenta Mack ya maimaita tafiyar da irinsa a 2022 yana ɗan shekara 17. Abin da ya tsare ta shi ne jirgi ne na tafiya da ido, ba ya shiga gajimare, ba ya jure ƙanƙara a fiffike. Duk gudunsa, ranar da sama ta rufe a rumfa yake kwana.

Kaya ma haka. A ɗauka jirgi na da kilo 350 ba kowa a ciki, iyakarsa kuma 600. Lita 100 ta mai kilo 72 ce. Maza biyu masu kilo 80 kowanne suka shiga, saura kilo 18 na jaka. A nan ne soke iyakar nauyi zai yi amfani na gaske, fiye da maganar gudu da ake ta yayatawa.

Sai kuɗi. Lokacin da aka kafa ajin a 2004 an yi ta alkawarin jirgi mai araha. Kamfanin Cessna ya fito da Skycatcher a 2007 kan Dala 109,500, farashin ya haura zuwa 149,000, aka daina ƙera shi bayan an sayar da ƙasa da 200. Masu gudun nan na Turai kuwa sabo ya haura Dala 200,000, wasu nesa da haka. Kamfanonin inshora suna ƙara kuɗi kan jirgi mai naɗe tayoyi, domin mantawa da sauke su tsohon kuskure ne da ba ya barin gwani balle ɗan koyo. Jikin kabon kuma yana iya tsagewa ta ciki ba a gani a waje, ba kamar gorar ruwa ba wadda ke lotsawa kowa ya gani, gyaransa kuwa sai ƙwararre. Saboda haka mai yiwuwa waɗanda za su fi cin moriyar dokar su ne masu tsofaffin jirage irin Cessna 172, waɗanda yanzu mai ƙaramin lasin zai iya tuƙa su.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga ƙaramin jirgi mai kujeru biyu. Jirgin Air Beetle da kamfanin AIEP ya harhaɗa guda 60 a Kaduna don horar da matuƙan mayaƙan sama, daga zanen RV-6A na Amurka aka samo shi. Duk wanda zai kawo irin waɗannan sababbin jirage Arewa zai amfana da inji mai shan man mota, tun da man ƙananan jirage na musamman wuyar samu gare shi a filayen Afirka, amma sai man ya kai ingancin da maƙerin ya ƙayyade, wanda ga Rotax mai doki 100 okten 95 ne. Zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana rage kaurin iska, ya tsawaita gudun da jirgi zai yi a titi kafin ya tashi, a Jos kuwa tudu ya ƙaru a kan zafi. Hazon hunturu, wanda kan hana manyan jirage masu na'urori sauka a Kano da Maiduguri, zai iya ajiye jirgin tafiya da ido kwanaki a jere tsakanin Disamba da Fabrairu.