Idan vCenter Ya Ƙi Buɗewa, Kada A Sassauta Kwado

A ma'aikatun da ke amfani da manhajar VMware, uwar garke guda ta ƙarfe takan ɗauki kwamfutocin kwaikwayo da dama, waɗanda ba su da jiki sai na manhaja, kuma vCenter ne ɗakin da ake juya su duka. Mafi yawan ma'aikatu sukan ɗaura shigarsa a kan Active Directory, kundin Microsoft mai riƙe sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri. Ranar da wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa, hankali yakan tashi, kuma a irin wannan lokaci ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Matsalar shiga tana da hanyar bincike sananniya, kuma duk gyaran da ya dawo da aiki ta hanyar raunana tsaro ya fi lalacewar muni.

Kalmar sirri ake fara zargi, amma idan mutane da yawa suka kasa shiga a lokaci guda, ba a nan gizo ke saƙar ba. Matakin farko shi ne a shiga da asusun cikin gida, wato administrator@vsphere.local, wanda bai dogara da kundin ba. Idan ya buɗe, vCenter lafiyarsa lau, laifin yana tsakaninsa da kundin.

Daga nan sai a duba agogo. Tsarin Kerberos, wanda Active Directory ke tantance mutane da shi, yana ƙin karɓar shaida idan bambancin agogon na'urori biyu ya wuce minti 5, bisa saitinsa na asali. Kwamfutar kwaikwayo kuwa takan ɗauko lokaci daga uwar garken da take zaune a kai yayin da aka sake kunna ta ko aka yi mata ƙaura. Saboda haka uwar garke ɗaya mai karkataccen agogo ta isa ta rufe wa kowa ƙofa. Maganin shi ne dukkan na'urori su riƙa saita lokaci daga tushe guda ta hanyar NTP.

Bayan agogo sai suna. vCenter yana gano na'urorin kundin ne ta DNS, kuma idan an yi wa wata tsohuwar na'ura ritaya ba a goge sunanta ba, zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Alamar wannan ita ce shiga ta yi jinkiri, ko ta yiwu yau ta ƙi gobe. Sai kuma asusun hidima da vCenter ke karanta kundin da shi: idan wa'adin kalmarsa ta sirri ya cika, ko aka kulle shi, kowa ya tsaya. Akwai kuma wanda aka tantance shi daidai amma ba a ba rukuninsa izini a cikin vCenter ba. Wannan matsalar izini ce, kuma a can ake gyara ta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen takardar shaida. Haɗi ta LDAPS, a ƙofa mai lamba 636 ko 3269, yana ɓoye abin da ke wucewa, amma yana bukatar vCenter ya amince da takardar shaidar na'urar kundin. Idan takardar ta ƙare ko aka sabunta ta ba a sanar da vCenter ba, shiga takan yanke. Mai gaggawa sai ya koma LDAP mara ɓoyo a ƙofa ta 389, aiki ya dawo, a yi masa barka. Abin da ya yi shi ne barin kalmomin sirrin masu riƙe da dukiyar ma'aikata suna yawo a fili a kan layin sadarwa. Tun 2019 Microsoft ta yi gargaɗi a kan irin wannan haɗi. Haka nan mai ɗaga asusun hidima zuwa matsayin shugaban kundi don kawai a wuce wurin, alhali karatu kaɗai asusun ke bukata.

Mai kare gaggawa zai ce ma'aikata ba ta iya jira, kowace sa'a asara ce. Gaskiya ne, amma asusun cikin gida yana nan domin irin wannan rana, kuma kwamfutocin kwaikwayo suna ci gaba da aiki ko da masu kula da su sun kasa shiga. Abin da ya faru a 2024 ya nuna girman haɗarin. A watan Yuli na shekarar, Microsoft ta bayyana cewa masu garkuwa da bayanai suna cin gajiyar wata ɓaraka mai lamba CVE-2024-37085: a lokacin, duk uwar garken ESXi da aka haɗa da kundin takan ba 'yan rukunin da ake kira ESX Admins cikakken iko. Ɓarayin da suka riga suka kutsa kundin sai su ƙirƙiri rukunin, su sa kansu ciki, su kulle kwamfutocin ma'aikata gaba ɗaya.

Saboda haka bai kamata makullin vCenter ya rataya kacokan a kan kundin da kowane ma'aikaci ke ciki ba, musamman inda na'urorin kundin kansu kwamfutocin kwaikwayo ne a ƙarƙashin vCenter ɗin. VMware da kanta, tun fitowar vSphere 7.0 a 2020, ta sanar da cewa za ta bar tsohuwar hanyar haɗa vCenter kai tsaye da kundin Windows, ta kuma buɗe hanyar tantancewa ta ADFS, wadda ke ba da damar neman shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Shugaban sashen fasaha da ya san aikinsa zai ajiye kalmar asusun cikin gida a wuri amintacce, ya rubuta ranar ƙarewar kowace takardar shaida, ya kuma hana a sauka daga LDAPS ko da na yini ɗaya ne.