JARIRAN DA SUKA DAINA KUKA

 Ya ku 'yan'uwa matasa, ina so a wannan mako mu tsaya a kan wata magana da kowa ya haddace. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. To amma abin takaici, duk inda ka ji an jawo wannan karin magana, duba da kyau, za ka ga bulala a hannun mai faɗarta. Mun taƙaita tarbiyya a kan duka da tsawa, alhali abin da ya fi barin tabo a rayuwar mutum sau da yawa shi ne kulawar da bai samu ba lokacin da yake ƙarami. Akwai ƙasar da aka ga wannan ƙuru-ƙuru, a kan dubban yara, kuma aka bi sawunsu har suka girma.

Ƙasar ita ce Romaniya, a gabashin Turai. A shekarar 1966 shugabanta, wani ɗan kwaminisanci mai suna Nikolai Chaushesku, ya ga yana bukatar ma'aikata, sai ya kafa dokar ƙara yawan haihuwa, har ta kai ana ɗora haraji a kan wanda ya haura shekara 25 bai haihu ba. Kada wani ya yi mini mummunar fahimta, haihuwa alheri ce. Laifin mutumin shi ne hannayen da za su yi masa bauta a masana'antu yake so, bai damu da bakin da zai ci ba. A shekarun 1980, don ya biya bashin ƙasashen waje, ya riƙa fitar da abincin ƙasar yana sayarwa, mutane suka koma bin layin burodi da man girki, ga tsananin sanyi ba abin ɗumama ɗaki. Talakan da ya rasa yadda zai yi da jaririnsa sai ya miƙa wa gwamnati, domin an gaya masa gwamnati za ta rena masa. Mutanen ƙasar suka yi masa tawaye, aka harbe shi ranar 25 ga Disamba, 1989. Da aka buɗe ƙofofin gidajen renon, sai aka tarar da yara fiye da 100,000, kuma mafi yawansu iyayensu suna nan da rai.

Abin da ya fi girgiza waɗanda suka shiga ɗakunan nan shi ne shiru. Ɗaki cike da jarirai, gado kusa da gado, amma tsit. Duk wanda ya taɓa zama gida mai jariri ya san wannan ba lafiya ba. Jariri yana kuka ne domin a zo, kuma idan ya yi kuka yau ba a zo ba, gobe ba a zo ba, wata da watanni, sai ya daina. Mace ɗaya ce ke kula da jarirai goma ko fiye, ta dura musu abinci a kan lokaci, ta sauya musu tsumma a kan lokaci, ta wuce. Ba mai goyo, ba mai rarrashi, ba mai kallon idonsu ya yi musu wasa. Sai aka ga yaran suna ta rausaya jikinsu gaba da baya su kaɗai, wasu suna buga kai da ƙarfen gado.

Daga nan ne masu bincike suka shigo. A Ingila, wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Michael Rutter ya bi sawun yara 165 da iyalai 'yan Ingila suka ɗauko daga Romaniya a farkon shekarun 1990. Dukkansu sun faɗa gidajen wadata, abinci, makaranta, asibiti, ba abin da suka rasa. Waɗanda aka ɗauko kafin su yi wata shida a wancan hali, kusan ba ka bambanta su da sauran yara. Waɗanda suka haura wata shida kuwa, da yawansu abin ya bi su har sun girma: rashin natsuwa a kan abu guda, wahalar ƙulla zumunci, da liƙe wa duk baƙon da suka gani ba tare da sanin na gida da na waje ba. Rahoton da aka fitar a 2017, lokacin da suka shiga shekaru ashirin da 'yan kai, ya nuna basirarsu ta farfaɗo sosai, amma damuwa da rashin aikin yi sun fi yawa a cikinsu. A 2020 aka fitar da sakamakon hoton ƙwaƙwalwarsu, aka ga ta gaza ta takwarorinsu girma da kusan kashi 8.6 cikin 100. Ka duba fa, ɗan'uwa: watanni ne da mutum ba zai iya tuna ko rana ɗaya daga cikinsu ba, amma ga su a jikinsa bayan shekara ashirin.

A birnin Bukarest kuma, a shekarar 2000, wasu malaman jami'a uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka ɗauki yara 136 daga gidajen renon. A lokacin kusan babu tsarin bai wa iyali riƙon yaro a birnin, su ne suka kafa shi. Aka yi ƙuri'a, rabin yaran suka koma hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Ƙuri'ar tana da ɗaci, amma ita ce ta toshe bakin masu cewa ai dama can yaran haka aka haife su. Da suka kai shekara huɗu da rabi aka gwada kaifin basirarsu da ma'aunin da 100 ce tsaka-tsaki a cikinsa. Yaran unguwa da suka tashi gaban iyayensu suka sami 109, waɗanda aka bar su a gidan reno 73, waɗanda aka mayar hannun iyali 81. Kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa. A 2004 Romaniya ta yi dokar hana ajiye yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a irin waɗannan gidaje, sai mai babbar nakasa.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Kafin yaro ya kai shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, kuma da amsawa ake gina ta. Ya yi gwalantu, uwa ta mayar masa. Ya nuna kaza, yayarsa ta ce kaza ce. Ya tsorata, aka rungume shi, jikinsa ya koyi cewa tsoro yana wucewa. Wanda bai sami wannan ba, jikinsa wani darasin daban yake koya, cewa ba mai zuwa.

Saboda haka maraici shi kaɗai ba ya lalata yaro. Mu da muka karanta Sira a Islamiyya mun fi kowa sanin haka. An haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar mahaifinsa. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida, kakansa ya rasu yana da takwas. Allah ne Ya tarbiyyantar da shi, babu shakka, amma ka dubi sabubban da Ya tanadar: Halimatus Sa'adiyya, Ummu Aiman, Abdulmuɗɗalibi mai zaunar da shi kusa da shi, sannan Abu Ɗalibi da matarsa Faɗimatu 'yar Asad. Hannu yana saki, wani hannu yana karɓa. Bai taɓa zama yaron da ba na kowa ba.

Na san wani zai ce, Malam, ai wannan zancen masu hali ne, mu da abin sawa a baki ma sai an yi da gaske. To saurara. A shekarun 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kinston na ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor ta tattara yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su, 'yan wata tara zuwa wata ashirin da huɗu. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Amfanin madarar ita kaɗai bai ɗore ba. Amma waɗanda aka yi wa wasa da hira, abin da suke samu a sana'a ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Awa ɗaya a mako, da gwangwani da murfin kwalba. Wa zai ce ya fi ƙarfinsa?

Yanzu mu dawo gida, don kada mu yi ta kallon Turawa muna girgiza kai. Alhamdu lillahi, goyo da shayarwa har yaye, da gidan yawa mai kakanni da gwaggonni, ni'ima ce da muke da ita wadda yaran Romaniya suka rasa, kuma bai kamata mu bari ta suɓuce ba. Amma akwai inda muke saki. Saki ya auku, uba ya ƙwace yaro ɗan shekara biyu don ya ƙuntata wa uwar, ya jefa shi hannun wadda ba ta so. Ko yaro ɗan shekara biyar ko shida a sa shi a mota a kai shi garin da bai san kowa ba, a damƙa wa malami guda mai almajirai barjat, ba guzuri, ba ziyara. Ba karatun Alƙur'ani nake suka ba, Allah Ya tsare ni, kuma malamai da yawa suna iyakar ƙoƙarinsu. Ba kuma cewa nake tsangaya daidai take da gidan renon Romaniya ba, almajiri ya sha nono, ya sha goyo kafin ya fito. Tambayata ita ce: idan zazzaɓi ya kama yaron nan da tsakar dare, sunan wa zai kira? A 2020, lokacin annobar korona, mun ga gwamnonin Arewa suna loda almajirai a motoci daga jiha zuwa jiha kamar kaya. Yaron da aka yi wa haka ba zai manta ba, ko da bai taɓa faɗa ba.

Sai dai kada wanda ya tashi cikin wahala ya karanta wannan ya ce shi ke nan, tasa ta ƙare. Ko a binciken Ingila, ɗaya cikin biyar na yaran da suka daɗe a gidan reno sun tashi ba tare da wata matsala ba. Sannan Allah Ya sanya wata ƙofa ta biyu, wato shekarun balaga. A 2019 wata malama a Jami'ar Minnesota, Megan Gunnar, ta nuna cewa yaran da aka ɗauko daga gidajen reno, waɗanda yadda jikinsu ke amsa firgici da damuwa ya gurɓace tun suna jarirai, sun daidaita a lokacin balaga idan suna zaune a gida mai kulawa. Wato iccen ya sake yin ɗanye.

Amma ƙofar da alheri ke shiga, ta nan sharri ma ke shiga. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abin da zai je ya dawo, shi ne na ƙarshen nuna, sai wajen shekara 25. A daidai lokacin kuma babu abin da yaro yake so irin a ce da shi namiji a gaban abokai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan da ke taɓa tunani suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma a shekarar ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ka tambayi duk wanda shaye-shaye ya kama ko ya faɗa daba, yaushe ya fara, wa kuma ya fara miƙa masa. Da wuya ka ji ya ce baƙo ne. Wani ne da ya girme shi da shekara uku ko huɗu, wanda ya kira sunansa, ya matsa masa wuri a benci, ya saurare shi a lokacin da a gida ba ya jin komai sai kai dai ba ka da amfani.

Wannan mai shekara uku ko huɗu a gaba, ai sa'anka ne, ɗan'uwa. Ƙanenka ɗan shekara goma sha uku ya fi kallonka a kan Baba. Yadda kake amsa wa Inna, haka zai amsa mata. In kai ne mai marinsa a gaban abokansa don ka nuna kai yaya ne, to ka sani benci yana jiransa. Kuma ka lura da ranar da ya daina kawo maka ƙara, ya daina gardama, ya shiga ya fita ba ya ce wa kowa uffan. Mutanen gida za su ce ya yi hankali. Wataƙila ya yi. Wataƙila kuma ya gane ba mai zuwa ne.

Mu matasa muna da saurin tashi in an ce aiki babba ne, taro ko tafiya ko raba jarida cikin rana. Wannan aikin kuwa ba mai ganinka, shi ya sa yake da wuya. Ka tafi da ƙanenka wurin sana'arka ranar da ba makaranta, ka bar shi ya riƙe awo ko sufana, in ya ɓata ka nuna masa ba da zagi ba. Wanda ya yi aure, ya ɗauki jaririnsa, ba abin kunya ba ne, alkunyar ɗan fari ba ta kai a hana yaro ƙirjin ubansa ba. Almajirin da ke zuwa ƙofar gidanku kuwa, tsohuwar al'adar uwar ɗaki tana nan ba ta mutu ba. Ka je ka gaida malaminsa, ka nemi izini, ka tambayi sunan yaron na yanka da garinsu, ka roƙi Inna ta ware masa kwano. Alhamis da Juma'a ba a karatun allo, sai ya zo ya yi wanka ya wanke kayansa, ka ara masa waya ya ji muryar mahaifiyarsa.