Ƙanin Da Ka Bari A Gandu Ma Yana Da Haƙƙi

Da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, wayoyin 'yan Magarya da Dungas mazauna Kano, Legas, Agadez da Sabha sai su fara ƙara. Saƙon ɗaya ne: a turo kuɗin barema. Ana kuma turowa. Ɗan barema ya yi noma daga safe zuwa azahar, ya karɓi kuɗinsa a hannu, ya tafi. Wanda ba a lissafi da shi shi ne ƙanin da ya zauna gida, wanda ya yi sharar gona, ya kai taki a amalanke, ya nemo ma'aikatan, ya tsaya a kansu, har ya ɗaure damman ƙarshe. A ganina, wannan rashin lissafi na cikin manyan dalilan da ke korar matasa daga gona.

Gandu na da ƙa'ida tun asali. 'Ya'ya da ƙanne suna yi wa maigida aiki a babbar gona, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gamana, wadda a Kano ake kira gayauna, don ya noma abin kansa da yamma ko a ranakun da aka ware masa. Kowa ya san abin da ke kansa da abin da zai samu.

Yau rabin ƙa'idar ce ta rage. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen gundumomin biyu sun haura dubu 900, kuma yankin na cikin mafi cunkoso a karkarar Nijar. Kowane rabon gado yana ƙara tsinka gonaki, har magidanta da dama ba su da abin da za su yanka gamana. Kuɗin aure kuma saurayi ne ke nemo shi a ci-rani. Aikin na nan a wuyansa, ladan ya ɓace. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin ya fi ciwo a gidan talaka. A watannin Yuli da Agusta rumbu ya ƙare, sai maigida ya tura samarinsa barema gonar mai hali don a samo tiyar gero ta dare. Kafin su dawo kan tasu, ciyawa ta ci ƙarfinta, lokacin maimai ya wuce. Kaka ta zo da ɗan abin da bai kai ba, baɗi kuma a sake.

Dattawa za su ce ɗa ba ya karɓar lada a gonar ubansa, kuma wata rana shi zai gaje ta. Maganar na da nauyi. Sai dai ranar gado, wanda ya shekara goma a Libiya da wanda ya shekara goma riƙe da hauya rabo ɗaya za su ɗauka. Gado bai biyan gumi.

Gyaran ba ya jiran gwamnati. Kafin shuka, a zauna gaban shaidu a faɗi kason mai kula da gandu: dami nawa cikin goma, ko kuwa riɗi da waken da za a kai kasuwar Maigatari su zama nasa. Wanda ke kiwon tumakin gida a ware masa ɗa cikin abin da suka haifa, kamar yadda ake yi wa makiyayi bare. Matan da ke roron wake da fiffikar gyaɗa su ma a saka su cikin lissafi. Idan an ba saurayi aron gona, a rubuta a hukumar filaye ta Cofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, don kada a ƙwace bayan ya zuba mata taki.

Manoman Magarya, tare da na Matamai da Mirya, su ne suka mayar da gawo cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, har masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo. Sun yi hakan ne da suka tabbata itacen da suka raina nasu ne. Haka saurayi yake: in ya san rabonsa, zai tsaya.

Kai da ke waje, bana in za ka tura kuɗin barema, ka ware na ƙaninka daban, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka. In ya ajiye hauya ya biyo ka, ba wanda zai karɓi kuɗin naka ya tsaya a gonar.