Daga V6 Zuwa Hellcat: Lissafin Da Ya Kamata A Yi A Waya Kafin A Ba Dillali Ciko

A TikTok da Instagram bidiyon kusan iri ɗaya ne. Matashi ya ajiye tsohuwar Dodge Charger ɗinsa mai injin V6 a wurin dillali, ya ƙara ciko, ya fito da mai V8, ya taka totur sau biyu a gaban kyamara, abokai suna ihu. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne wata na uku, lokacin da motar ke kwana a rufe da tamfol, mai ita kuma yana hawa Adaidaita zuwa wurin aiki saboda tayar baya ta cinye kuma kuɗin sabuwa bai haɗu ba.

Duk wanda ya taɓa sayen firinta mai araha ya san wannan tarkon. Na'urar ba ta da tsada, tawadar ce ke cin mutum. Motar gudu ma haka take, sai dai tawadarta fetur ce da taya da birki da baƙin mai, kuma yawancinsu farashin dala suke bi. Saboda haka cikon da dillali ya faɗa shi ne mafi ƙanƙantar lamba a duk cinikin. Lambar da ta kamata a nema ita ce nawa motar za ta ci a kowace kilomita, kuma wayar da ke aljihu ta isa ta fitar da ita.

Charger misali ne mai kyau domin gangar jiki ɗaya ce, tanki ɗaya mai ɗaukar kusan lita 70, amma injuna huɗu. Akwai V6 mai lita 3.6 da ƙarfin doki 292, akwai R/T mai Hemi lita 5.7 da doki 370, akwai Scat Pack mai lita 6.4 da doki 485, sai Hellcat mai lita 6.2 da doki 707. A ƙididdigar hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, samfuran wajejen 2016 zuwa 2018 suna yin mil 19, 16, 15 da 13 a galan ɗaya a tuƙin cikin gari, bi da bi. Wannan ma'aunin ba ya gaya wa ɗan Kano komai sai an juya shi. Hanyar juyawar mai sauƙi ce: a raba 235 da adadin mil ɗin, sai a samu yawan litar da motar ke sha a kilomita 100. V6 za ta fito da lita 12.4, R/T lita 14.7, Scat Pack lita 15.7, Hellcat kuma kusan lita 18.

A ɗauka mutum yana yin kilomita 1,500 a wata, a kuma ɗauki lita a kan naira 1,000 don lissafin ya zo da sauƙi. Mai V6 zai sayi kusan lita 186. Mai Hellcat zai sayi kusan lita 271. Bambancin lita 85 ne, wato naira 85,000 a wata, sama da miliyan ɗaya a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda a wannan farashin daidai yake da cika tankin Charger sau ɗaya tak.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita tana ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Wancan bambancin na lita 85 bai kai naira 17,000 ba a lokacin. Yawancin shawarwarin da manyan yayye ke bayarwa a majalisa kan motoci masu manyan injuna daga wancan zamanin suka fito, kuma ba a sabunta su ba. A Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ta ɗan sauka daga baya, amma ba ta ko kusanci inda ta baro ba.

Har ila yau lambobin EPA na gwaji ne. Ba su san cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da safe ba, ba su san zafin Afrilu da esi ke aiki tun daga ƙofar gida ba. Motar da ke tsaye injinta na aiki tana shan mai ba tare da ta ci ko mita ɗaya ba, kuma babban inji ya fi ƙarami sha a tsaye. R/T da Scat Pack masu giyar otomatik suna da wata dabara da ake kira MDS, wadda ke kashe silinda huɗu cikin takwas idan ana tafiya a hankali a miƙaƙƙiyar hanya. A hanyar Kano zuwa Zariya tana da amfani sosai. A cikin gari inda ake tsayawa ana tashi, amfaninta kaɗan ne. Hellcat ma ba ta da ita kwata-kwata.

Sai batun da ba a cika magana a kansa ba, alhali ya fi yawan lita muhimmanci, wato irin fetur ɗin. A Amurka gidan mai yana da famfo na 87, 89 da 91 ko 93. V6 tana aiki da 87. R/T mai otomatik an fi so a ba ta 89 amma tana karɓar 87. Scat Pack da Hellcat kuwa 91 kamfanin ya ce. Wasu na ganin an ce fetur ɗin Najeriya yana wajen 91, sai su ce ai shi ke nan. To, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Najeriya da Turai suna amfani da RON, Amurka kuma tana da nata ma'aunin da lambarsa ke ƙasa da RON da kusan maki huɗu ko biyar. Ke nan 91 ɗin nan ya fi kusa da 87 ɗin can, shi kuma 91 ɗin can yana wajen 95 a RON. Yawancin gidajen mai a Arewa fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi.

Injin ba zai fashe a rana ɗaya ba saboda wannan. Kwamfutar motar tana da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji, idan ta ji man yana kamawa kafin lokacinsa sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Wato mutum ya biya kuɗin doki 707 amma ba duka yake samu ba, kamar wanda ya sayi waya mai 5G a garin da sabis ɗin bai wuce 3G ba. 'Yan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa ma suna buƙatar a karanta su da kyau, domin a da yawa daga cikinsu "maki" ɗaya na nufin kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ba a san abin da aka gauraya a ciki ba, bai kamata ya kusanci irin wannan injin ba. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai yawan sinadarin metanol, ya san ko na gidan mai yana iya yin ɓarna.

Abin mamakin shi ne tsakanin R/T da Scat Pack bambancin mai bai wuce lita ɗaya a kilomita 100 ba. Wanda ya tsaya a lissafin fetur kawai zai ce ai ƙarin doki 115 kusan kyauta ne. Kuɗin yana ɓoye ne a gareji. Injin 6.4 da na 6.2 suna buƙatar baƙin mai na sintetik mai lamba 0W-40, wanda ba kowane shago ke da na gaske ba, kuma juye da jabu a irin wannan injin ya fi rashin juyen haɗari. Duk Hemi fulogi 16 gare ta, biyu a kowace silinda, yayin da V6 ke da 6. Birkin Brembo na manyan samfuran yana da kyau ƙwarai, amma takalminsa da faifansa ba abin da ake shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko a shagon farko ba ne. Sau da yawa sai an yi oda daga Ladipo ko daga waje, a jira. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowane kayan gyara ya bi ta.

Taya ita ce babbar mai cin kuɗi. Hellcat tana zuwa da taya 275/40 a kan rim mai inci 20, mai faɗin jiki kuma 305/35. Robar mai laushi ce don ta kama titi, shi ya sa take saurin cinyewa, gefenta kuma siriri ne, rami ɗaya a hanyar Kaduna ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim. Wasan mota a wurin biki, wanda shi ne dalilin sayen motar ga wasu, yana iya ƙarar da tayoyin baya a yamma ɗaya. Ga inshora: tun Janairun 2023 NAICOM ta sa mafi ƙarancin kuɗin cikakkiyar inshora a kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Darajar ta ninka, inshorar ta ninka. Da yawa sukan zauna a kan ta naira 15,000 mai biyan wanda aka buge kawai, su bar motar miliyoyi ba kariya.

Akwai masu cewa wanda ya iya sayen Hellcat ba ya tambayar kuɗin mai. Ga attajiri mai motoci shida a gida, gaskiya ne, kuma ba shi wannan lissafin ya shafa ba. Amma yawancin masu yin musayar nan matasa ne da kuɗi ya shigo musu sau ɗaya, daga kirifto ko wata kwangila ko aikin intanet, suka haɗa da kuɗin tsohuwar motar suka kai ga farashin. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na riƙewa kuwa kowane wata ne, kamar sabunta data. Sannan da yawa cikin waɗannan motocin daga gwanjon motocin haɗari na Amurka irin Copart da IAAI suka fito, shi ya sa farashinsu ya yi daɗi. Binciken lambar VIN a Carfax, ko ma rubuta ta a Google don ganin hotunan gwanjon, aikin minti goma ne da ke iya nuna motar da ta taɓa shan ruwa ko ta daki bango. Dodge ta daina ƙera wannan jerin na Charger da Challenger a Disambar 2023, don haka abin da ke kasuwa sai ƙara tsufa yake yi.

Aikin da ya kamata a yi kafin zuwa wurin dillali bai da wahala. A sauke Fuelio ko Drivvo, ko a buɗe Google Sheets kawai. A cika tankin motar da ake da ita har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita, a yi yawo, a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga. Wannan ya fi lambar da allon mota ke nunawa gaskiya, domin ita takan ɗan yi wa mai mota daɗin baki. Bayan wata biyu ko uku za a ga yadda ainihin shan man ya bambanta da na EPA. Idan V6 ɗin da aka rubuta mata 12.4 tana shan 15 a hannun mutum, to ya wuce da kusan kashi 20 cikin 100, sai ya ɗora wannan kason a kan lambar motar da yake sha'awa. Hellcat za ta koma wajen lita 22 ke nan. Daga nan a tambayi farashin taya huɗu, takalmin birki, fulogi da juye, a raba kowanne da kilomitar da yake ɗauka, a tara. Ɗan ƙaramin na'urar ELM327 da ake soka wa a ramin OBD a ƙarƙashin sitiyari, tare da manhajar Torque ko Car Scanner, zai kuma nuna kurakuran da injin ya adana da zafin da yake yi a ranar gwajin mota, kafin a biya ko kwabo.

Ga wanda V6 ta ishe shi kuma dole sai ya ji ƙarar V8, R/T ita ce matakin da ya dace da man da ake da shi a nan da kuma bakaniken da ake da shi a Apo ko Ƙofar Ruwa. Scat Pack da Hellcat na mai mota ta biyu ne, wanda zai je aiki da Corolla ya bar ɗayar sai Asabar. A lissafin kilomita 400 a wata maimakon 1,500, man Hellcat bai wuce lita 72 zuwa 88 ba, tanki ɗaya da ɗan ƙari, tayoyin kuma za su yi shekaru kafin a sake neman su.